Tsinkewar Haɗin Mai da Iska a Injin Akori-kura



Na san akwai waɗanda suka yi mamaki da suka ga kan maganar da za a yi yau, suna tambayar kansu abin da ya haɗa zauren jami'a da aikin gareji. Duk wanda ya taɓa bin babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Tambuwal ta nufi Jega, ko ya shiga Sanyinna da ƙauyukan ƙasar Kebbe, ya riga ya ga amsar da idonsa. A wannan yanki akori-kura ita ce jakin zamani. Ita ke kwasar buhunan gero da dawa da shinkafa da albasa zuwa kasuwa, ita ke kai taki gona, ita ke kai ma'aikatan lafiya ƙauye da allurar rigakafi, wani lokaci kuma ita ce ke ɗaukar mace mai naƙuda da tsakar dare. Ran da ta tsaya, abubuwa da yawa sun tsaya tare da ita.

Tun daga 1975, lokacin da aka buɗe masana'antar harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, samfurin 404 da na 504 suka cika hanyoyin arewa, har yau kuma ba a rasa tsofaffinsu suna lodi a tashoshin ƙauye. Daga baya Toyota Hilux da ire-irenta suka zo suka karɓi aikin, musamman a ma'aikatun gwamnati. Tsofaffin suna da kafireto, sababbin kuwa kwamfuta ce ke auna musu mai. Amma akwai cuta guda da ke kama su duka, watau injin ya riƙa samun iska fiye da yadda man da ke isa gare shi zai iya ɗauka. Abin da nake so in kafa a wannan lacca shi ne, wannan cuta alama ce kawai, tushenta yana iya kasancewa a wurare dabam-dabam, kuma ana iya gane wurin ta hanyar lura da gwaji tun ba a sayi ko ƙusa ba. Maganata a kan injin fetur take. Injin dizal, wanda muke kira mai gas, tun asali da rarar iska aka yi shi ya yi aiki, saboda haka hukuncinsa dabam ne.

Ma'aunin haɗi

Fetur ba ya ci da wuta shi kaɗai, sai ya gauraya da iskar oksijin, wadda ita ce kimanin kashi 21 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa. Masana sun auna sun ga cewa kilo ɗaya na fetur yana bukatar kilo 14.7 na iska kafin ya ƙone sarai, ba ragowar mai, ba ragowar oksijin. A lura, da nauyi ake wannan awo, ba da cika ba. In aka mai da shi ga cika, lissafin yana da ban mamaki. Lita ɗaya ta fetur nauyinta kimanin giram 740 ne, saboda haka tana bukatar iska wajen kilo 11, watau kusan lita 9,000. A taƙaice, duk lita ɗaya da direba ya saya a gidan mai, sai injinsa ya zuƙi iska cikin durom 45 kafin ya gama da ita. Wanda ya riƙe wannan lissafi zai fahimci dalilin da ya sa 'yar ƙaramar tsaga a jikin mesa take iya rikita mota mai ɗaukar buhu goma sha.

Domin sauƙin bayani zan ari kalmomin masu dama kunu. Idan gari ya yi yawa, mukan ce kunu ya yi kauri. Idan ruwa ya rinjaya, mukan ce ya tsinke. To, haka zan riƙa cewa haɗi mai kauri idan mai ya yi yawa, da tsinkakken haɗi idan iska ce ta rinjaya.

Ba kullum ne inji ke son 14.7 daidai ba. Da asuba, yana sanyi, yana son haɗi mai kauri sosai, domin fetur ba ya saurin zama tururi a cikin ƙarfe mai sanyi. Wannan shi ne aikin cok a tsofaffin motoci. Idan an yi lodi ana hawan tudu, yana son wajen 12.5, domin a nan ne ƙarfinsa ke cika, rarar man kuma tana sanyaya cikin silinda. Idan ana tafiya a miƙaƙƙiyar hanya ba kaya, yana iya jure wa 15 ko 16 har ya rage shan mai. Amma in haɗin ya ci gaba da tsinkewa ya doshi 17 ko 18, sai wutar filogi ta fara kasa kunna shi, motar ta soma abin da kanikawa ke kira mis.

Alamu da ɓarna

Alamun ba ɓoyayyu ba ne. Motar takan yi wuyar tashi da safe. In ta tashi, silo ba ya zama wuri ɗaya, sai ya riƙa hawa da sauka, ko ta mutu da an tsaya. In aka taka totur sai ta yi jinkiri kamar mai shawara, wani lokaci ta yi tari ta bakin kafireto, domin tsinkakken haɗi a hankali yake ci, har bawul ɗin shigar iska ya sake buɗewa wutar ba ta gama mutuwa ba. A kan tudu ƙarfi ya ragu, allurar zafi ta hau, a riƙa jin wata 'yar ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a cikin gwangwani. In aka kwance filogi aka duba bakinsa, maimakon launin ƙasa-ƙasa sai a gan shi fari fat, wani lokaci da ƙuraje kamar ya sha wuta. Sai dai a yi hattara da wannan shaida ta filogi. Tun farkon 2006 ƙasashen Afirka na kudu da Sahara suka daina sayar da fetur mai dalma, fetur marar dalma kuwa ba ya rina filogi kamar na da, saboda haka filogi mai haske ba lalle ne ya zama na tsinkakken haɗi ba. An fi samun amfani idan aka jera filogin duka aka gwada su da juna, a ga ko akwai wanda ya fita dabam.

Waccan ƙarar tsakuwa ita ce abin tsoro. Ma'anarta ita ce haɗin yana fashewa da kansa maimakon ya ci a hankali daga bakin filogi, kowace fashewa kuwa kamar dukan guduma ce a kan fistin. In aka daɗe a haka da kaya a bayan mota, bawul ɗin fitar hayaƙi yakan ƙone ya daina rufewa, gaskit ɗin kan silinda yakan ci wuta, fistin ma yana iya hujewa. Gyaran da zai ƙare a kan mesa guda sai ya koma sauke inji.

A nan ne zan ɗan tsaya a kan wata ɗabi'a da ta daɗe a tashoshinmu, wadda ta ƙaru tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin mai. A cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta koma wajen naira 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura naira 1,000 a wurare da yawa. Direba ya ga abin da yake samu yana ƙarewa a gidan mai, sai ya je gareji ya ce, “Oga, a rage mata shan mai.” Bakanike kuma ya ɗaure sukurun haɗi, ko ya sa ƙaramin jet, ko ya sauke fulot. Ban ga laifin direban ba, halin da yake ciki kowa ya san shi. Amma cinikin na hasara ne. Motar da aka hana wa mai ƙarfinta raguwa yake yi, direba ya riƙa danne totur yana zama a ƙaramar giya, abin da aka rage a kafireto ya fita ta ƙafarsa, sa'an nan kuma ga bawul yana gasuwa.

Akwai wani abu ma da yanayin ƙasarmu ke ƙarawa. Iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi. Tsakanin la'asar ɗin watan Afrilu, lokacin da zafi ke kai digiri 40 a ƙasar Sakkwato, da asubahin Janairu da ke sauka wajen digiri 15, bambancin nauyin iska ya kai kashi 8 cikin ɗari. Kafireto ba ya sanin wannan, shi dai cikar iska yake bi. Saboda haka motar da aka saita a kan gaɓa da bazara, da hunturu ya shigo sai ta faɗa cikin tsinkewa ba tare da kowa ya taɓa ta ba.

Tambayar farko

Tushen tsinkewa ba ya wuce ɗayan uku: ko iska na satar hanya tana shiga inda ba a auna ta ba, ko mai ba ya isowa yadda ya kamata, ko kuwa abin da ke awon ne yake faɗin abin da ba haka ba. Hanyar rarrabe su tana farawa da tambayar da ba ta cin ko kwabo, ita ce, yaushe ne ciwon ya fi tsanani?

Dalilin tambayar shi ne wannan. Lokacin da inji ke silo, ƙofar totur a rufe take, fistin suna zuƙa da ƙarfi amma iskar da ake bari ta wuce kaɗan ce. A wannan hali zuƙar da ke cikin manifol tana da ƙarfi ƙwarai, duk wata kafa za ta jawo iska, iskar satar kuma za ta zama babban kaso na abin da injin ke samu. Da an buɗe totur sai zuƙar ta ragu, iskar halal ta yi yawa, ta satar ta zama ba a bakin komai ba. Ke nan motar da ke rawa a tsaye amma ta warware a kan hanya, a nemi inda iska ke shiga. Ƙarancin mai kuwa akasin haka yake. A silo ɗan mai kaɗan ake bukata, famfo ko ya gaji zai iya kawo shi. Sai an yi lodi an fuskanci tudu sa'an nan gazawarsa ke bayyana. Motar da ke lafiya lau a gareji amma ta shaƙe a kan hanya, a bi layin mai tun daga tanki. Bakaniken da bai tambayi direba wannan ba kafin ya ɗauki sifana, lalube yake yi.

Mota mai kafireto

Gwajin farko a tsohuwar mota da hannu ake yin sa. Injin yana silo bayan ya yi zafi, sai a ɗan ja cok, ko a ɗan rufe bakin shigar iska da tafin hannu. In injin ya daidaita, muryarsa ta yi daɗi, to haɗin a tsinke yake, domin rage masa iska ya gyara shi. In kuwa ya nemi mutuwa nan take, a nemi laifin a wani wuri.

Daga nan sai neman kafa. Wuraren da aka fi samunta su ne gaskit ɗin gindin kafireto, da gaskit ɗin da ke tsakanin manifol da kan silinda, da babbar mesar da ke zuwa tukunyar birki, da ƙananan mesoshin da zafin rana da na inji suka busar har suka tsattsage. Mesa ana matse ta ne ɗaya bayan ɗaya da filaya mai laushin baki. Wadda aka matse silo ya canza, ita ce ko abin da ke ƙarshenta. In taka birki yana sa injin rawa, robar da ke cikin tukunyar birkin ta yage. Gaskit kuwa, na sha ganin yaran gareji suna yayyafa masa fetur suna sauraron ko injin zai ƙara gudu. Dabarar tana aiki, amma wasa da rai ne, domin tartsatsi ɗaya daga wayar filogi ya isa. Ruwa a gorar feshi yana yin wannan aiki: in kafar ta zuƙe shi, injin zai yi tuntuɓe. Akwai kuma wurin da ake yawan mantawa a motocin da suka haura shekara talatin, shi ne sandar da ƙofar totur ke juyawa a kanta. Ƙura takan cinye mazauninta har ta riƙa girgiɗi, iska na bi ta gefe. Irin wannan ba ya saituwa ko an kwana ana murɗa sukuru, sai an sa masa sabon bushi ko an sake kafireton.

In ba a sami kafa ba sai a koma ga mai. A cire mesar da ke shiga kafireto a sa ta a gora, a juya injin a ga ko famfo yana tofo mai da ƙarfi, a kuma dubi man a ga ko akwai ruwa kwance a ƙasansa ko tsatsa. A duba matatar mai. A buɗe murfin tanki bayan tafiya. In aka ji ya shaƙi iska da ƙarfi, kafar numfashinsa ta toshe, famfon yana kokawa da tankin ne. A cikin kafireton kansa, jet ɗin silo shi ne mai saurin toshewa saboda ƙanƙantar ramin, babban jet kuma shi ke nuna kansa a kan gudu. Da iska ake hure su. Kada a zura musu waya ko allura, domin ramin jet awo ne, da an faɗaɗa shi an ɓata shi. A duba tsayin fulot a gwada da abin da littafin motar ya faɗa. In kuwa jinkirin yana zuwa ne kawai a daidai lokacin da aka taka totur farat ɗaya, to ɗan famfon da ke watsa mai a wannan lokaci shi ne ya gaji.

Kalma ɗaya a kan matatar iska. Da hunturu takan toshe da ƙura, motar ta riƙa baƙin hayaƙi, sai wasu su cire ta su jefar ko su huhhuda ta. Hayaƙin yakan ɗauke, amma haɗin ya karkata zuwa tsinkewa, yashi kuma ya sami hanyar zuwa silinda ya yi ta goge ringi.

Mota mai kwamfuta

A sababbin motoci babu kafireto. Akwai sensa a bayan matatar iska mai auna yawan iskar da ke wucewa, kwamfuta ta lissafa man da ya dace, nozul su fesa shi. Sa'an nan akwai wata sensa a bututun hayaƙi mai shinshinar ragowar oksijin, wadda kamfanin Bosch na Jamus ya fito da ita a 1976, aka fara sa ta a motocin Volvo. In ta ji oksijin ya yi yawa a hayaƙi sai ta sanar, kwamfuta ta ƙara mai. Wannan ƙari ana rubuta shi kashi-kashi cikin ɗari, iri biyu: na nan take, da na dogon lokaci wanda kwamfutar ke haddacewa. A lafiyayyen inji jimlarsu ba ta cika wuce 10 ba, sama ko ƙasa. In ta yi ta hawa har ta kai iyakar da masu motar suka yanka, galibi daga 25 zuwa sama, sai fitilar gargaɗi ta kama, kwamfutar ta ajiye lamba. Tun 1996, da Amurka ta wajabta tsarin OBD-II a kan motocin da ake sayarwa a can, lambobin suka zama iri ɗaya a yawancin motoci. Ta tsinkewar haɗi ita ce P0171. Injin da ke da layin silinda biyu yana da ta biyu, P0174, ta ɗaya layin. In suka fito tare, laifin yana wurin da layukan suka yi tarayya, kamar famfo ko sensar iska.

To, ga inda kuɗi ke zuba. Lambar ba ta ce sensar oksijin ta lalace ba. Abin da ta ce shi ne sensar ta kawo rahoto. Wanda ya sake ta saboda wannan, daidai yake da hakimin da ya kori ɗan aike domin ya kawo masa labarin gobara.

Na ga haka da idona a wurin wani direba mutumin Sanyinna, wanda ya sayi akori-kura 'yar Kwatano da kuɗin da ya daɗe yana tarawa. Fitila ta kama, ya kai ta wani gareji a birni, aka sa na'ura aka ga P0171. Aka sake sensar oksijin, bayan kwana uku fitila ta dawo. Aka sake filogi, aka wanke nozul, daga ƙarshe aka sauke tanki aka sa sabon famfo. Da muka haɗu ya ce mini, “Allah gafarta Malam, na ci bashi a kan motar nan, ga kaka ta zo, ita kuwa in na tsaya a shingen hanya sai ta mutu.” Na tambaye shi yadda take a kan gudu, ya ce ai a kan gudu ba ta da laifi. Da wannan amsa tasa ya riga ya wanke famfon da aka sa shi ya saya. Muka sa na'ura, muka bar lambar muka dubi ƙarin man. A silo ya hau sama ƙwarai, da aka ɗaga injin zuwa juyi 2,500 a minti sai ya sauko kusan daidai. Muka bi mesoshi da hannu, sai ga wata 'yar gajeruwa mai ɗauke tururin baƙin mai daga murfin inji zuwa manifol, ta tsage ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Tun a gaban idonmu, da aka toshe tsagar da yatsa, lambar ƙarin ta fara sauka.

Wannan gwaji na silo da juyi 2,500 shi ne dai waccan tambaya ta farko, an mai da ita lamba. In ƙarin ya yi yawa a silo ya sauka a sama, kafa ce. Garejin da ke da na'urar tura hayaƙi cikin manifol zai nuna ta cikin minti kaɗan. In yana daidai a silo ya riƙa hawa tare da gudu da nauyi, abu biyu ake zargi. Na farko sensar iska. A cikinta akwai wata siririyar waya da ake ɗumamawa da lantarki, iskar da ke wucewa tana sanyaya ta, da haka ake gane yawanta. In ƙurar hunturu ta lulluɓe wayar, sai ta riƙa faɗin ƙasa da abin da ya wuce. Ana wanke ta da maganin feshin da aka yi dominta, a bar ta ta bushe, ba a taɓa ta da hannu ko tsumma. Na biyu matsin mai. Wannan ba a gane shi da kallon yadda mai ke fita daga mesa, sai da agogon awo. A irin waɗannan injuna kimanin bar 3 ake nema, amma littafin kowace mota shi ke da magana ta ƙarshe. A auna a silo, a kuma auna ana taka totur. Kafin a kwance layin a sauke matsin da ke cikinsa, a kuma nisanta da wuta. In awo ya nuna ƙasa, a fara da matata da rariyar da ke bakin famfo kafin a yanke wa famfon hukunci. Yana da kyau direbobi su sani cewa famfon yana zaune ne a cikin tanki, man ne ke sanyaya shi, saboda haka yawo kullum da lita biyar a gindin tanki yana rage masa kwana.

Sai kashi na uku, inda haɗin lafiyarsa lau amma rahoton ne ya gurɓata. In bututun hayaƙi ya tsage a gaban sensar oksijin, iskar waje takan shiga ta wurin, sensar ta ɗauka daga silinda ta fito. Haka kuma in filogi ɗaya ba ya ba da wuta, oksijin ɗin wannan silinda yakan fita ba a ƙone shi ba. A duka biyun kwamfuta za ta yi ta ƙara mai a banza. Shaidarsa ita ce na'ura na cewa haɗi ya tsinke, alhali filogi baƙi ne, salansa na warin ɗanyen fetur. Sai an kawar da waɗannan duka sa'an nan ake zargin sensar kanta, a dube ta a na'ura a ga ko tana motsi ko ta daskare.

Idan laifin na man ne

A watan Fabrairu na 2022 hukumomin man fetur na Nijeriya suka tabbatar cewa an shigo da fetur daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da ƙima. Aka janye shi daga kasuwa, aka yi makonni ana layi a gidajen mai, masu motoci da dama kuma suka koka da lalacewar injuna. Abin da ya shafi maganarmu shi ne, metanol yana ɗauke da oksijin a jikinsa, kilo ɗaya nasa iska kilo 6.4 kawai yake bukata. In ya yi yawa a cikin fetur, kafireto zai ci gaba da ba da awon da ya saba, haɗin kuwa ya tsinke. Ga shi kuma yana jan ruwa, yana cin roba. A ƙauyukan da gidan mai ke da nisa, inda ake dogara ga 'yan bumburutu, jarka da mazurari sukan kawo nasu rabon na ruwa da ƙura ko da mai sayarwa bai yi algus ba. Don haka in ciwo ya fara farat ɗaya, a tambayi direba inda ya sha mai na ƙarshe, a tsiyayi kaɗan a farar kwalba a bar shi ya kwanta.

Bayan gyara

Kashe fitilar gargaɗi da na'ura ba gyara ba ne, kowa na iya yi, takan kuma ɗauki kwanaki kafin ta dawo. Bayan an gyara sai a goge abin da kwamfutar ta haddace, a ɗumama injin, a fita da motar hanya da kaya a bayanta, a dawo a sake karanta ƙarin man a silo da kuma a juyi 2,500. Mai kafireto kuma a saita ta bayan ta yi zafi, matatar iska tana ɗaure a wurinta. In motar ta daɗe tana ƙarar tsakuwa kafin a kawo ta, a auna matsin kowace silinda, domin bawul ɗin da ya riga ya ƙone sabuwar mesa ba ta warkar da shi.

Ga ma'aikatan da ke kula da motocin ofis, waɗanda baucan gyara ke biyowa ta teburinsu, ga abin da zan ba da shawara. Takardar da aka rubuta lambar laifi kawai da jerin kayan da za a sayo daga Ƙofar Ruwa ta Kano, a mai da ita. A nemi bakanike ya rubuta ƙarin man da ya karanta a silo da a sama, da matsin man da ya auna, kafin gyara da bayansa, ya kuma dawo da tsofaffin kayan da ya cire. A ajiye takardar a fayil ɗin motar, domin wanda zai duba ta baɗi ya san inda aka tsaya.

Shugaba, a nan zan dakata domin a sami lokacin tambayoyi.